Wutar Gidan Atu

Asabar, 12 ga Maris 1977, da hantsi
Tungar Gidaɗo, ƙasar Kebbe

Har yau garin nan warin abin da ya faru ranar Laraba yake yi. Na wanke zanena, na shanya, na ɗauko na sansana, yana nan. Ba zan rubuta sunan abin ba. Gidajen gabas sun tafi, rumbuna sun tafi da geronsu, Maimuna 'yar ajina kuma an tafi da ita asibiti Sakkwato a bayan mota, lulluɓe da jiƙaƙƙen zane.

Ba wanda ya san daga inda ta taso. Wasu sun ce jarkar fetur ce a ɗakin wani mai sabon babur, don yanzu kowa ya hau babur, kowa yana kwana da mai a ƙarƙashin gado. Wasu sun ce garwashi ne ya faɗi daga tsingaron da Maimuna ta ɗebo wuta a gidan Inna Atu. Mai babur yana da 'yan'uwa a garin. Inna Atu ba ta da kowa. Shi ya sa maganar ta fi zama a kanta.

Danga ɗaya ce tsakanin ɗakin da aka ba ni da gidanta. Tsohuwa ce mai faɗa, bakinta bai bar kowa ba, ni ma tun da aka turo ni daga Tambuwal take ce mini "Malamar boko mai takalmin ƙwas-ƙwas". Murhunta ba ya mutuwa. Ta ce tun da aka kawo ta garin nan daga Sanyinna take rufe wutar da toka, gari ya waye ta tone ta. Duk unguwa a wurinta ake ɗibar wuta. Muryar yara a ƙofarta ce take tashe ni kafin zakara ya gama.

Litinin, 14 ga Maris, bayan an tashi makaranta

Hedimasta, Malam Almu, ya kira ni gindin darbejiya. Ya ce daga ofishin ilimi an ce a koya wa yara kiyaye wuta, an kuma aiko da katan guda na ashana.

"Ki rubuta musu a allo su kwafe, Malama. Shi ke nan an yi."

Na ce allo ba ya ƙonewa, gari ke ƙonewa. A ba ni 'yan aji huɗu in fita da su gida-gida, su koya suna yi, mutane su amfana.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke dai ba ki son zama wuri guda. To, ki tahi, amma kada ki jawo min magana."

Na ji daɗi, har na ji kunyar jin daɗin.

Talata, 15 ga Maris, da safe

Ba wanda ya yarda ya matsa ya cike gurbin Maimuna a benci.

Alhamis, 17 ga Maris, da la'asar

Mun fara. Yara sun ɗebo yashi daga rafi, kowa da ƙwaryarsa a ka, sun jero a kan hanya cikin wannan zafi na bazara da ke sa ƙasa ta riƙa rawa daga nesa. Na tsaya ina kallonsu, ƙafafunsu kamar ba sa taɓa ƙasa, har na manta ni ce mai kula da su. Wata 'yar guguwa ta taso ta bi ta tsakiyarsu, ta kwashi ganye ta yi sama. Ba wanda ya zubar da yashinsa.

A kowane zaure mun ajiye yashi da tulun ruwa. Mun janye kara daga kusa da murhu, mun share tsakanin rumbu da danga. Na koya musu idan riga ta kama kada a yi gudu, a kwanta a yi birgima. Bube, babban ajin, ya gwada musu a ƙofar mai gari, ya tashi fari fat, tsofaffi suka yi ta dariya. Ita ce dariya ta farko da na ji a garin nan tun waccan Larabar.

Sai babbar doka, wadda na sa suka maimaita har muryarsu ta dushe: kada wanda ya ƙara ɗauko wuta a tsingaro. Kowane gida mun bar musu ashana, mun nuna yadda ake ƙyastawa, a nesa da zane, a nesa da jinka.

Ban shiga gidan Inna Atu da su ba. Na ce maƙwabciyata ce, ko yaushe zan leƙa.

Lahadi, 20 ga Maris, da sassafe

Shiru. Hayaƙinta yana tashi ta saman danga, siriri, ya miƙe sai ya karkata wajen bishiyar kuka. Ba sallama, ba ƙarar tsingaro, ba faɗa. Dokata ta kama. Na makara har rana ta shigo ɗaki.

Laraba, 23 ga Maris, bayan azahar

Barci ya sace ni a kan tabarma. Na ga garin duka yana tafiya a kan ruwa, gidaje suna bin juna a hankali, kowane gida da ɗan hayaƙinsa. 'Yan ajina suna tsaye a bakin gaɓa da ƙwaryar yashi, suna jira in ce su zuba. Na buɗe baki, sai na ji ina karanta musu biyu sau biyu. Maimuna tana cikinsu, hannuwanta lafiya lau, tana cin goruba.

Na farka da ƙishirwa. Ba labari daga Sakkwato.

Juma'a, 25 ga Maris, da hantsi

Wani sara na ji ta bayan danga, rauni-rauni, ana yi ana hutawa. Na zagaya. Inna Atu ce take faskara tsohon turminta da gatarin da ya fi ƙarfinta. Rabin dangarta ta yamma babu, ta ciyar da murhu da ita. Na leƙa randa, ƙasa ce a gindi.

"Inna, ina kwana? Me ya kai ki ga turmi?"

"Kwal lahiya, mai ƙwas-ƙwas. Mi zan daka cikinai? Iska?"

Na ɗauki tulu na yi rijiya, na dawo, na dama mata koko. Ta sha tana harara ta. A hanya na haɗu da Yelwa mai ginin tukwane, na tambaye ta yadda aka yi tsohuwa ta zauna ba ruwa ba itace. Ta riƙe haɓa.

"Ashe ba ki sani ba? Nan garin ba a yi wa mai ba da wuta godiya, ba a kuwa zuwa hannu sake. Wanga shi zo da icce guda, wagga ta zo da dunƙulen hura, wani shi zuba mata ruwa ga randa. Da shi taka ci, da shi taka sha, tun da mijinta ya rasu. Kin hana ɗibar wuta, to mi za ya kai mutum can?"

A gidanmu a Tambuwal risho muke kunnawa. Ban taɓa tambayar abin da ke ɗaya hannun yaran ba, tsingaron kawai nake gani. Duk da haka ban yi kuskure ba. Yarinya tana kwance a asibiti. Ban yi kuskure ba.

Asabar, 26 ga Maris, da yamma

Mai gari ya aika Dogon Daji a kira Ɗangiwa, ɗan wan Inna Atu, ya zo ya ɗauke ta. Na je na durƙusa a zaurensa.

"Ranka shi daɗe, gidanta ne. Mijinta da 'ya'yanta duk a maƙabartar nan suke."

"Na sani, Malama. Amma tsohuwa ita ɗai, ba mai shiga ba mai hita, ga wuta ba ta mutuwa, tana ƙona danga. Gobe in ta kama hwa? In unguwa ta koma shiga gidanta awa da, ni mi nika so da tashinta?"

Na ce ni zan kula da ita. Ya yi murmushi, ya ce ni ta gwamnati ce, ranar da takarda ta zo ko sallama ba lallai in samu yi ba. Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Ɗangiwa direba ne, yana hanya da kaya, sai ya sauke zai zo. Kafin nan sai unguwa ta koma gidan Inna Atu. Idan ba ta koma ba, za a tafi da ita.

Litinin, 28 ga Maris, lokacin tara

Na tsare 'yan aji. "Wa ya ce ku daina gaishe da Inna Atu?"

Suka ce ni.

"Cewa na yi kada ku ɗauko wuta a tsingaro!"

Bube ya ɗaga hannu. "To Malama, in ba wuta, mi za mu ce mun zaka yi? Korarmu za ta yi. Ba ta son a zo a tsaya mata ga kai."

Tsingaro ne abokin gabata, ba wutar ba. Buɗaɗɗen abu ne, iska ta taɓa shi garwashi ya tashi. Da yana da murfi da mariƙi fa?

Da aka tashi na wuce wurin Yelwa da alli a hannuna, na zana mata a ƙasa. Ta ce wannan ai kaskon turare ne ya yi hankali.

Laraba, 30 ga Maris, da la'asar

Kwana biyu muna cikin yumɓu. Aji ya koma bayan gidan Yelwa, a inuwar tsamiya. Kowane yaro yana gina na gidansu: ɗan kasko mai zurfi, murfi mai ƙananan huji don wuta ta sha iska, da kunne a gefe. Na wani ya fito kamar hular da aka zauna a kai. Yelwa tana bi tana gyarawa da babban yatsa, tana zagin iyayensu cikin raha.

An jera su a rana. Na zauna ina kallo har idona ya fara ganin ɗan gari ne, da ɗakuna da rufinsu, ana jiran mutane su tare. Wata yarinya ta gina biyu. Na tambaye ta, ta ce ɗayan na Maimuna ne in ta dawo.

Safe da yamma ina kai wa Inna ruwa. Na gaya mata abin da muke yi. Ta ce, "Wutag ga ta girmi uwarki, yau ita za a sa wa hula?" Amma ta tambaye ni yaushe za a gasa.

Alhamis, 31 ga Maris, da azahar

An aiko daga Sakkwato. Ba a yi karatu ba.

Juma'a, 1 ga Afrilu, da yamma

Mun je ta'aziyya gidan da aka sauki iyayen Maimuna, ni da 'yan mata na aji. Mahaifiyarta, Fadima, tana zaune a kan tabarma, tana amsa gaisuwa da ka. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Na zauna ina kallon wata kaza tana shan ruwa a kasko, ta ɗaga kai, ta sake sha, ta ɗaga kai. Ban san tsawon zaman da muka yi ba.

Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Lahadi, 3 ga Afrilu, da hantsi

Inna ba ta tambaye ni ba, ta ji kukan da kunnenta. Na same ta tana jan toka a kan garwashi, tana tonewa, tana sake ja.

"Ni na zuba mata da hannuna," ta ce, ba ni take kallo ba. "Na ce ta tsaya in ruhe mata da toka. Ko na ruhe, ko ban ruhe ba. Ina ta nema cikin kaina, ban gani ba."

Na ce akwai maganar fetur ma. Ta ce fetur ba shi da fuskar da za a duba.

Ta so ta je gaisuwa. Ta ɗaura zane, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta zauna.

Talata, 5 ga Afrilu, da sassafe

Jiya aka gasa, can bayan gari, yara sun kewaye wurin da yashi ba tare da na ce ba. Kaɗan ne suka fashe. Na zuba garwashi a ɗaya, na rufe, na ba Bube ya yi gudu da shi, ya jujjuya shi a iska. Ko ƙyalli bai fita ba. Muka yi ta tafi.

Yau na tashi tun asuba na zauna a jikin danga ina saurare. Na ji tafiya guda, ta iso kusa da ƙofa. Sai muryar mace daga nesa ta kira suna, tafiyar ta juya.

Hayaƙi yana tashi, ya miƙe, ya karkata wajen kuka.

Talata, da la'asar

Na bi gidaje. Kowa ta karɓe ni da fara'a, ta yaba kasko, ta ɗora shi a kan randa. Ba wadda ta ce ba ta yarda da murfin ba. Magana ɗaya suke yi duka: da wane ido Fadima za ta ga ɗana yana fitowa daga gidan nan da wuta? Ko makon yarinyar bai yi ba. Ai sai a yi mata kara.

Na ce wa Yelwa, to an tambayi Fadima? Ta zaro ido. "Wa za ya iya buɗa baki shi tambaye ta wagga magana? Ke kin iya?"

Na kai ƙofar gidan. Na tsaya. Na tuna fuskarta a kan tabarma, na wuce kamar rijiya za ni. Ni ma ban iya ba.

Laraba, 6 ga Afrilu, da safe

Ba kowa.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Ɗangiwa ya zo da a-kori-kura shuɗiya, gangunan fetur a baya, ɗaure da igiya. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Kayanta ba su cika lungu ɗaya na motar ba: tabarma, akwatin kwano, tukunya, da rabin turmi da ta ce a sa.

Ta ce in kawo mata kasko ɗaya daga namu. Raina ya yi fari, na yi gudu na ɗauko wanda ba shi da mai shi. Ta tone murhu, ta zaɓi garwashi manya, ta zuba, ta yayyafa toka, ta rufe. Ta rungume shi a cikin mayafi ta nufi mota.

Ɗangiwa ya tare ƙofa. "Goggo, don Allah. Kin ga abin da nika ɗauke da shi."

"Yana da hula. Malama ta ce ko an yi gudu da shi ba ya hita."

Ya juyo gare ni. 'Yan ajina sun taru a bayana, har da Malam Almu. "Malama, ke kika koya wa yara. Hwaɗa mata gaskiya, ana shiga da shi?"

Warin man yana dukan hancina daga inda nake. Na dubi hujin da ke kan murfin, waɗanda ni na ce a yi. Na so in ce hanya ba nisa. Na so in ce ta zauna gaba ta riƙe da kyau. Yara suna kallon bakina.

Na ce, "Ba a shiga da shi, Inna."

Ta daɗe tana dubana. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini kaskon, da zafinsa.

"Iccen kirya taka so. Kada ki ba ta kara, ba ta riƙe shi."

Ɗangiwa ya ɗaga ta ya sa a gaba. Mata suna leƙe ta saman danga, ba wadda ta fito. Bube ya kwashi yashi ya zuba a murhunta kamar yadda na koya musu a yi wa wutar da za a bari ba kowa. Daidai ya yi. Na ji kamar in mare shi.

Juma'a, 8 ga Afrilu, da sassafe

Jiya na share tsakar ɗakin girkina, na janye komai, na ajiye yashi a gefe. Na juye wutar Inna a murhuna. Ta kwana. Da na tone toka na ga ja a ƙasa, sai da na zauna.

Ta saman danga babu komai, sai bishiyar kuka.

Lahadi, 10 ga Afrilu, da sassafe

Sallama na ji a ƙofa, ƙasa-ƙasa. Na ɗauka yaro ne. Fadima ce, da lulluɓi har goshi, ƙwaryar fura a hannu ɗaya, itace a ɗaya. Ta ce ta fara zuwa gidan Inna, ta ga ƙofa a rufe da kara, Yelwa ta ce mata wutar tana wurina.

Na ce ko ashanarsu ta ƙare, in ba ta tawa.

"Akwai ashana. Kullum da sahe ita nika aikawa. Yau na tashi na rasa wa zan aika, sai na taho da kaina." Ta ajiye furar. "Ina can ina ta jiran Inna ta zo min gaisuwa, ba ta zo ba. Na ce ko hushi taka yi da ni, don ɗiyata ta jawo mata bakin mutane. Sai yau anka ce min wai an tahi da ita."

Na ce mata mutane sun daina shiga gidan ne saboda ita, don kada ranta ya ɓaci.

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Saboda ni? Wa ya tambaye ni?"

Na ɗauko kasko, na zuba mata, na yayyafa toka, na rufe. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai ƙofa, ta tsaya.

"Malama, ki aika mata. Ki ce ni ban taɓa cewa ita ta ba. Ko cikin raina ban ce ba."

Na ce zan aika. Motar Dogon Daji sai ranar kasuwa.